ZANGO A BAKIN TEKU

Karatu: Ayyukan Manzanni 21:1-6; Littafin Ƙidaya 33:1-10

Idan hutun makaranta ya zo, musamman na Kirsimati da na Ista, tashoshin mota a Bawku, Bolgatanga, Wa da Tamale sukan cika da masu gangarawa kudu. Akwai iyalai da ƙungiyoyin matasa na ikkilisiya da sukan haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, su ɗaure tantuna da tabarmi da tukwane a bisa, su nufi bakin teku. Niyyarsu biyu ce, su gaida dangin da suka daɗe a kudu, su kuma ba idonsu abinci. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne, amma mutum yana iya yin tafiyar kilomita dubu ya komo da zuciyar da ya fita da ita. Saboda haka bari mu bi wannan hanya tare, zango zango, mu ji abin da Maganar Allah take faɗa wa matafiyi.

Kafin mota ta tashi

Daga Tamale zuwa Accra, birnin da kakanninmu suke kira Ankara, tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Kintampo da Techiman da Kumasi. Wanda ya nufi Cape Coast kuwa yana iya ratsewa daga Kumasi ya miƙe kudu, tafiyar fiye da kilomita 200. Wannan ba hanyar da za a farka da safe a kama ba ce. Sai an duba lafiyar mota, an lissafta kuɗin mai da na abinci, an tanadi gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro bai san baƙo ba. Sai kuma an zaɓi lokaci. Babbar damina a gaɓar Ghana takan sauka daga Afrilu zuwa Yuli, ruwan ya fi ƙarfi a watan Yuni, kuma mai kwana a tanti ya san abin da wannan yake nufi. Disamba da Janairu sun fi sauƙi.

Yesu kansa ya yi maganar mai ginin da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi kafin ya sa harsashi (Luka 14:28-30). Shiri ba rashin bangaskiya ba ne. Amma ka binciki dalilin lissafinka. Akwai masu cin bashi domin su sayi sababbin tufafi, su nuna wa dangin birni cewa su ma sun samu. Sai su komo gida, kuɗin makarantar yara ya gagara. Ɗan'uwa, danginka sun fi bukatar fuskarka da rigarka. Ɗan buhun gero, ƙullin daddawa, man kaɗanya ko zabi biyu, tsaraba ce da mutumin arewa da yake zaune a kudu ba zai manta da ita ba.

Bayan ka gama shiri, ka tuna da gargaɗin Yakubu 4:13-15. Ya tsawata wa 'yan kasuwa masu tsara tafiyarsu da ribarsu kamar gobe tana hannunsu, ya kwatanta ranmu da hazo mai bayyana ɗan lokaci ya watse. Mun saba cewa in Allah ya yarda har ta zama maganar fatar baki. Wannan karon ka tara iyalinka kafin a ɗora kaya, ku miƙa direba da hanya da waɗanda za ku tarar ga Ubangiji, ku faɗe ta daga zuciya.

Darasin tanti

Kalmar zango tsohuwa ce a bakinmu. Shekaru aru-aru fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da sauran garuruwan ƙasar Hausa zuwa Gwanja. Sukan kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goro daga kasuwar Salaga. Ayari yakan yi watanni a hanya a ƙarƙashin madugu. Inda aka sauke kaya aka kwana, nan ne zango. Ba wanda yake dasa itace a zango, gama da asuba za a ɗaura wa jakuna kaya. Amma da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake da yawa suka bazu zuwa wasu garuruwa, kuma sannu a hankali unguwannin baƙi suka kafu a Kumasi da Accra da garuruwan gaɓa. Har wa yau sunansu zango, ko da yake an yi gine-gine na siminti, an haifi 'ya'ya da jikoki a ciki. Wurin kwana ɗaya ya zama gida, sunan kaɗai ya rage yana tuna mana cewa masu wucewa ne suka kafa shi.

Haka duniya take yi wa mai bi. Muna kiranta wurin baƙunci a cikin waƙa da addu'a, amma mun kafa turakunmu da zurfi har ba ma so a ambaci tashi. Shi ya sa kwana biyu ko uku a cikin tanti yake da amfani ga rai. A can za ka gane cewa yawancin abin da ka cika ɗaki da shi ba dole ba ne. Tabarma, tukunya ɗaya, jarkar ruwa da fitila sun isa. Za ka kuma gane raunin masaukinka, iska kaɗan ta taso sai yadin ya kama kaɗawa, kana kwance kana jin kome da yake motsi a waje.

Allah ya san mutanensa suna da mantuwa. Ya umarci Isra'ilawa su bar ɗakunansu kowace shekara, tun daga rana ta 15 ga wata na bakwai, su zauna cikin bukkoki har kwana bakwai, domin 'ya'yansu su san yadda ya bi da kakanninsu sa'ad da ya fisshe su daga Masar (Littafin Firistoci 23:33-43). Wannan shi ne Idin Bukkoki. Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75, ya rasu yana da shekara 175. Shekara ɗari ke nan, kuma ƙasar da Littafi Mai Tsarki ya nuna ya saya da kuɗinsa ita ce saurar da take da kogon Makfela, wato makabarta (Farawa 23). Mutum ne mai dukiya ƙwarai, yana da halin gina gari. Ibraniyawa 11:9-10 ta ba mu dalilin zamansa cikin alfarwa, wato ya sa ido ga wani birni mai tushe wanda Allah ne ya tsara ya kuma gina.

Manzo Bulus ya san tanti ciki da waje, gama ɗinkin tanti ne sana'arsa (Ayyukan Manzanni 18:3). Da ya so ya kwatanta jikinmu, sai ya kira shi alfarwa wadda wata rana za a kwance, ya ce masu bi suna da gini madawwami daga wurin Allah (2 Korantiyawa 5:1). Mai karatu, ranar da za a tumɓuke turakun alfarwarka, kana da gidan zuwa? Wannan tambaya ta fi kowace tambaya da za a yi maka a shingen hanya.

Littafin Ƙidaya sura 33 jerin sunayen zango ne, mutane da yawa sukan tsallake ta. Amma aya ta 2 ta nuna cewa Ubangiji ne ya umarci Musa ya rubuta su. A cikinsu akwai Mara mai ruwan ɗaci, akwai Elim mai maɓuɓɓuga 12 da itatuwan dabino 70, daga nan kuma suka sauka a bakin Bahar Maliya. Allah bai manta da ko ɗaya ba. Zangon da ka sha ɗaci da wanda ka huta a inuwa, duka suna rubuce a wurinsa.

Zumunta a ƙafa take

Yanzu mun iso ƙofar dangi. Wayar hannu ta sauƙaƙa gaisuwa, amma ta kuma ba mu wurin ɓuya. Mutum yana iya cewa lafiya lau a waya alhali gidansa yana cin wuta. Sai ka zauna a tabarmarsa za ka ga ƙanenka ya rame, ka ga matar wanka ba ta dariya kamar dā, ka ga yaran ba su iya gaida kakarsu da harshen gida ba. Gani ya kori ji.

Littafi Mai Tsarki yana daraja irin wannan ziyara. Maryamu ta yi hanzari zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya wurin 'yar'uwarta Alisabatu, ta zauna da ita wajen wata uku, kowacce ta ƙarfafa bangaskiyar 'yar'uwarta (Luka 1:39-56). Yetro ya kawo wa surukinsa Musa matarsa da 'ya'yansa biyu har zango a jeji. Musa, shugaban dubban jama'a, ya fita ya tarye shi, ya sunkuya ya gaishe shi, suka tambayi lafiyar juna, suka shiga alfarwa. A can Musa ya ba shi labarin wahalar hanya da yadda Ubangiji ya cece su, har Yetro ya yabi Allah (Fitowa 18:1-12). Ka lura da abin da suka yi hira a kai. Mu kuwa sau da yawa hirarmu ba ta wuce tsadar kaya da gulmar wanda ba ya nan. In ka isa, ka gaya wa danginka abu ɗaya da Ubangiji ya yi maka a wannan shekara.

Amma ba kowace ƙofa ce take da sauƙin shiga ba. Wataƙila akwai gidan da ka riga ka ƙudura za ka wuce. Gardamar gonar gado ce ta raba ku, ko bashin da ba a biya ba, ko maganar da aka faɗa a wurin jana'iza shekaru goma da suka wuce. Wataƙila kuma tun ranar da ka karɓi Almasihu aka daina cin abinci da kai a kwano ɗaya. Za ka yi tafiyar kwana guda cur domin ka kalli ruwa, sa'an nan ka ƙi taka 'yan taku zuwa ƙofar wanda kuka sha nono ɗaya?

Yakubu ya yi shekara 20 bai ga wansa Isuwa ba, kuma laifin nasa ne. Da ya ji Isuwa yana zuwa da mutum 400, tsoro ya kama shi. Ya yi addu'a, ya aika da kyauta a gaba, ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Isuwa kuwa ya sheƙo a guje ya rungume shi, suka yi kuka tare (Farawa 32 da 33). Abin da Yakubu ya yi shekaru yana tsoro, Allah ya riga shi zuwa wurin. Ba mu yi maka alkawari cewa kowane ɗan'uwa zai rungume ka ba. Romawa 12:18 ta ɗora mana abin da yake iyakar ƙoƙarinmu ne kawai wajen zaman lafiya da kowa. Naka shi ne ka je, ka yi sallama, ka roƙi gafara inda ka yi laifi ba tare da jera laifofinsa ba. Yesu ya sa sulhu da ɗan'uwa gaba da miƙa baiko a bagade (Matiyu 5:23-24). Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

In danginka ba masu bi ba ne, ka shiga gidansu da ladabi. Ka gaida manya yadda al'adar gidan take, kada ka mai da akushin tuwo dandalin gardama. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da bangirma (1 Bitrus 3:15). Ka kuma tuna cewa baƙo raɓa ne. Ɗakin haya a Nima ko a zangon Takoradi ƙarami ne, ruwa ma saye ake yi. Ka sa hannu a aljihu wajen cefane, 'ya'yanka su taya shara da wanke-wanke, ka tashi tun ana marmarinka. Karin Magana 25:17 ta gargaɗi mai yawan zarya a gidan maƙwabci kada a gaji da shi.

Gaban teku

Wanda ya girma a inda rafi yake ƙafewa da rani ba ya manta ranar da ya fara ganin tekun Atlantika. Ido ya nemi ƙetare ya rasa. Gaɓar Ghana ta fi kilomita 500, amma ɗan yanki ce kawai, gama ruwa ya rufe wajen kashi 71 cikin ɗari na fuskar duniya. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, shi ya sa mai ƙishi ba ya samun biyan bukata a wurin. Ga ruwa iyakar gani, ga ƙishi yana nan. Haka jin daɗin duniya yake, yawan sha yana ƙara ƙishi. Yesu ya gaya wa matar Samariya cewa mai shan ruwan rijiya zai sāke jin ƙishi, amma ruwan da shi yake bayarwa yakan zama maɓuɓɓuga a cikin mutum (Yahaya 4:13-14).

Ka zauna ka lura da ruwan. Sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa a cikin kusan awa 25, saboda jan da wata da rana suke yi masa. Masunta sun san lokacinsa kamar yadda manomi ya san damina. Saboda haka kada ka kafa tanti a kan yashi mai laima. Ka nemi layin da ruwa ya zubar da ciyayi da tarkace, ka hau can bayansa, ka kuma nemi izinin masu wurin. Ta bakin annabi Irmiya, Ubangiji ya tambayi mutanensa me ya sa ba sa tsoronsa, shi da ya sa yashi ya zama iyakar teku, raƙuman ruwa su yi ta ruri amma su kasa ƙetarewa (Irmiya 5:22). Aya ta gaba ta ce mutanen suna da zuciya mai tayarwa. Teku da girmansa yana tsayawa inda aka tsayar da shi, ɗan adam kuwa yakan tsallake iyakar da Mahaliccinsa ya sa masa.

Ga gargaɗi domin ranka da na 'ya'yanka. Gaɓar nan tana da ƙarfin ja, kuma a ranakun hutu ne aka fi samun nutsewar baƙi. Ruwan da raƙuma suka turo gaɓa yakan tattaru ya koma ciki ta wata siririyar hanya da gudu. Abin mamaki, wurin yakan fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, domin raƙuma ba sa fashewa a nan sosai. Wanda ya faɗa ciki ya yi ƙoƙarin komowa gaɓa kai tsaye, ƙarfinsa yakan ƙare. Masana sun ce ya kwantar da hankali ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu neman taimako, ya yi iyo ta gefe daidai da tsawon gaɓa har ya fita daga jan. Iya iyo a dam ko a kogi ba shi ne sanin teku ba. Ka tambayi masunta inda ya kamata a shiga, kada yaro ya kusanci ruwa ba babba a gefensa. Kada wani saurayi ya ce ai Allah zai kiyaye. Shaiɗan ya kawo wa Yesu irin wannan shawara a kan tsororuwar Haikali, Yesu kuwa ya ƙi gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Jaraba ma haka take aiki, inda ya fi kama da lafiya nan take ja. Yusufu bai tsaya kokawa da matar Fotifar ba, ya bar rigarsa ya fita (Farawa 39:12).

Amma teku yana da albishir kuma. Annabi Mika ya ce Allah zai jefa zunuban mutanensa cikin zurfin teku (Mika 7:19). Ka ɗauki tsakuwa ka wurga cikin ruwan nan, sa'an nan ka gwada nemo ta. In ka tuba ka ba da gaskiya ga Yesu wanda ya mutu ya tashi dominka, haka Allah ya yi da laifinka. Me ya sa kake ta nutso kana neman abin da Allah ya riga ya jefar?

Ɗakin sujada a bisa kurkuku

Masu yawon buɗe ido ba sa barin wannan yanki sai sun ga abubuwa uku. Akwai dajin Kakum, wajen kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya guda bakwai a tsakanin dogayen itatuwa. Akwai tashar masunta ta Elmina da ɗaruruwan kwalekwale masu launi, sai dai ran Talata bisa ga al'ada masunta ba sa fita teku. Na ukun su ne manyan kagarai biyu masu farin fenti. Mutanen Fotugal suka gina ta Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingila a 1872. Ta Cape Coast kuwa mutanen Suwidin suka fara ta a 1653, daga baya ta zama cibiyar Turawan Ingila a wannan gaɓa. Neman zinariya ne ya fara kawo Turawa, daga baya cinikin mutane ya rinjaya. Fiye da mutum miliyan 12 aka kwashe daga Afirka zuwa ƙetaren Atlantika, kuma waɗannan gidaje suna cikin ƙofofin da aka bi da su. Ingila ta haramta cinikin a 1807.

In ka shiga kagarar Cape Coast za a gangara da kai kurkukun maza, wuri mai duhu da ƙarancin iska, inda aka riƙa cusa ɗaruruwan mutane suna jiran jirgi. Za a nuna maka ƙofar da in an fita ba a komowa. Sa'an nan za a nuna maka cewa a bisa wannan kurkuku ne ɗakin sujada yake. Mutane suna raira waƙar yabo a sama, a ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa waɗanda aka halitta cikin siffar Allah suna nishi cikin sarƙa.

Kada mu ɓoye wannan, kada kuma mu ce Littafi Mai Tsarki ne ya koya musu. Shari'ar Musa ta yanke hukuncin kisa ga mai satar mutum ya sayar (Fitowa 21:16), Bulus kuma ya lissafta masu satar mutane cikin marasa tsoron Allah (1 Timoti 1:10). Ta bakin Amos, Ubangiji ya ce ya ƙi idodin mutanensa, ba zai saurari waƙoƙinsu ba, abin da yake so shi ne adalci ya malalo kamar kogi (Amos 5:21-24). Allahn da ya ji kukan bayi a Masar ya ji na ƙasan nan, ko da na sama sun toshe kunne.

Mu mutanen arewa kuma kada mu tsaya muna nuna Turawa da yatsa kaɗai. Kasuwar Salaga da ta sayar da goro ta sayar da mutane. Da yawa cikin waɗanda aka kora zuwa gaɓa daga arewa aka kamo su, kuma hannun baƙar fata ne ya miƙa su. A Assin Manso, a kan hanyar Kumasi zuwa Cape Coast, har yanzu ana nuna rafin da aka ce a nan suke wankan ƙarshe kafin a kai su kagara. A cikin kakanninmu akwai wanda aka sayar, akwai kuma wanda ya karɓi kuɗi. Dukanmu muna bukatar jinin Almasihu.

Ga tambayar da ya kamata ka fito da ita daga wannan gini. Wa yake ƙarƙashin daɓen ɗakin sujadarka? Yarinyar da ka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, shekara uku ke nan tana wanke-wanke, tana cin kanzo bayan kowa ya ƙoshi? Leburan da ya yi maka noma, kana ta ce masa ya dawo gobe? Yakubu 5:4 ta ce hakkin ma'aikata da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. A kasuwannin Accra da Kumasi za ka ga 'yan matan arewa suna dakon kaya a ka, ana kiransu kayayei, sunan da rabinsa kalmarmu ce ta kaya. Da yawansu a bakin shaguna suke kwana. 'Ya'yanmu ne. In ka ɗauki ɗaya ta kai maka kaya, ka biya ta da kyau, ka tambayi sunanta da garinsu. In ka koma gida, ka gyara abin da Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka kafin ka sāke tsayawa raira waƙa ran Lahadi.

Gwiwa a kan yashi

Karatunmu na yau ya nuna mana yadda ake rufe ziyara. Bulus yana kan hanyarsa zuwa Urushalima, jirginsu ya tsaya a Taya domin sauke kaya. Taya tsohon birni ne mai tarihi a bakin Bahar Rum, amma Luka ya ce abin da suka nema shi ne almajirai, suka zauna da su kwana bakwai. Ka tuna yadda bishara ta kai ƙasar Finikiya. Waɗanda tsanani ya warwatsa bayan kisan Istifanas ne suka kai ta (Ayyukan Manzanni 11:19), kuma Shawulu, wato wannan Bulus ɗin, yana cikin masu hura wutar tsananin. Mai yiwuwa ne a cikin masu masaukinsa akwai waɗanda suka rasa gidajensu ta dalilinsa. Duk da haka, da ranar tashi ta zo, dukansu suka raka shi bayan gari, har da mata da yara, suka durƙusa a bakin teku suka yi addu'a. Sun roƙe shi kada ya tafi Urushalima, shi kuwa ya ga dole ya tafi. Ra'ayinsu ya bambanta, amma gwiwoyinsu suna kan yashi ɗaya.

Kai ma in ka sauka a garin baƙunci, ka nemi 'yan'uwa masu bi. Ko da Fante ko Ga suke sujada, ba ka jin harshen, Ubangijinku ɗaya ne. Ranar da za ku kwance tantuna, ku share wurin, kada ku bar leda ko kwalba, gama ƙasar ta Ubangiji ce. Sa'an nan ka kira dangin da suka rako ku, manya da yara, ku durƙusa tare. Ba ka sani ba ko wannan ne ganin ƙarshe da wani a cikinku. Yaranka za su manta sunayen garuruwan da kuka ratsa, amma ba za su manta ranar da suka ga mahaifinsu da baffansu sun durƙusa wuri ɗaya ba.

Idan kuwa ba ka da halin tafiya bana, ko rashin lafiya ta kwantar da kai, kada ka ga an bar ka a baya. Akwai ɗan'uwa a unguwarku da ƙafarka za ta iya kaiwa gare shi a wannan mako. Akwai kuma tafiya guda wadda ba wanda za a bari a tasha. Yahaya ya ga sabuwar sama da sabuwar ƙasa inda teku ba ya nan kuma, ya ji an ce mazaunin Allah yana tare da mutane, zai share dukan hawaye (Wahayin Yahaya 21:1-4). Ba sauran ruwan da zai raba uwa da ɗanta, ba sauran ƙofar da ake fita ba komowa. Yesu ne hanyar zuwa wannan gida. Ka karɓe shi yau tun turakunka suna ƙasa.

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, Mahaliccin teku da sandararriyar ƙasa, mun gode maka domin kowane zango da ka bi da mu. Ka kiyaye bayinka da suke kan hanya, ka ba direbobi natsuwa, ka tsare 'ya'yanmu daga haɗarin ruwa. Ka ba mu tawali'u mu ƙwanƙwasa ƙofar da muka daɗe muna gudu. Ka buɗe kunnuwanmu mu ji kukan waɗanda muka danne, ka ba mu ƙarfin hali mu mayar musu da hakkinsu. Ka koya mana zaman baƙunci a duniya, har ranar da za ka kai mu gidan da ka shirya. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.